Me ake kallo a jikin mai jifa a ƙaramar gasar besbol?

Ƙanena, ka ce ka zo karatu birnin Columbus na jihar Ohio, abokan karatunka sun ja ka kallon besbol a filin ƙungiyar Clippers har sau biyu, ka zauna sama da awa biyu ba ka ga komai ba illa wani yana jifa wani yana cafewa. Kowa kuma yana ce maka mai jifan nan shi ne wasan. Kana tambaya me ake gani a jikinsa, kuma tunda ƙaramar gasa ce, ko ta kai mutum ya ba ta yammacinsa.

Ta kai, har ta wuce. Shekarata goma sha ɗaya ina zaga filayen Ohio da maƙwabtanta da littafi da fensir, ina rubuta jifa ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙananan filayen nan idona ya buɗe. A babbar gasar Amurka, wato MLB, kujerar da za ka ga hannun mai jifa sosai ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi. A nan kuwa, da dala goma zuwa ashirin nakan samu wurin da nake jin ƙarar ƙwallo a cikin safar mai cafewa kamar an yi tafi a gefen kunnena.

Mu daidaita 'yan kalmomi tukuna. Wasan turmi tara ne, kamar yadda ake ƙirga turmi a dambe, kuma a kowane turmi kowace ƙungiya tana riƙe kulki har sai an fitar mata da mutum uku. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu mai tsayin inci 10. Tsakaninsa da farantin da mai kulki ke tsaye a gefensa ƙafa 60 ne da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai, faɗin farantin kuma inci 17 ne kacal. A saman farantin akwai wata taga da ido ba ya gani, daga gwiwar mai kulki zuwa wajen ƙirjinsa. Jifan da ya ratsa tagar, ko wanda aka kai wa duka aka kuskure, shi ne sitiraik. Idan sun kai uku mai kulki ya fita. Wanda ya bauɗe kuma ba a kai masa duka ba shi ne bol. Idan sun kai huɗu mai kulki ya tafi tasha ta farko kyauta, ɗaya daga cikin tashoshi ukun da ake zagayawa a dawo faranti a ci maki. Wannan ya ishe ka a yanzu.

Abin da abokanka ba su gaya maka ba shi ne ƙaramar gasa makaranta ce. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na babbar gasa tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a matakai huɗu daga ƙasa zuwa sama, Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, jimilla 120 tun garambawul ɗin 2021 da ya rage su daga 160. Clippers ita ce Triple-A ta Cleveland Guardians tun 2009, shekarar da aka buɗe filin Huntington Park da ka je. A ƙasanta akwai Akron RubberDucks, sannan Lake County Captains. Uwar ƙungiya ce ke biyan 'yan wasan, ita ke ɗaga wanda ta so ta sauke wanda ta so, ita ke cewa jifa nawa yaro zai yi a daren. Saboda haka wanda kake gani a kan tudun nan kamar yaron tela ne da maigidansa ya ce masa yau aljihu kawai zai ɗinka, ko da rigar ba ta fito da kyau ba. Sau da yawa cin wasan daren shi ne abu na biyu a wurinsa. Duk wanda bai san haka ba zai yi ta jin haushin abubuwan da da gangan aka yi su.

Ni ma na ji wannan haushin. A shekarata ta biyu da fara kallo, wani saurayi ya yi turmi biyar ba wanda ya samu ya kai tasha da duka a hannunsa. Filin ya fara yin tsit irin na jiran abin tarihi. Turmi na shida ya zo, sai ga wani daban ya hau tudu. Na ɗaga murya ina tambayar wane irin rashin adalci ne wannan. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, mai farin gashi da littafinta a kan cinya, ba ta ce komai ba, ta miƙo mini shafin ta nuna da bakin fensir: jifa 74. Sannan ta ce, "Iyakarsa 75." Hannun yaron dukiya ce da aka zuba wa kuɗi, ana so ya kai shekara goma yana aiki, ba za a ƙona shi don daɗin dare ɗaya ba. Ka duba Paul Skenes, wanda Pittsburgh Pirates ta ɗauka na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023. A farkon kakar 2024 ya buga wasa bakwai a Indianapolis, Triple-A ta Pirates, ya fitar da mutum 45 da sitiraik, kusan ba mai iya taɓa jifansa, amma duka wasa bakwai ɗin turmi 27 da ɗan ɗori ya yi. Ko huɗu bai cika ba a kowane wasa. A ranar 11 ga Mayu aka kira shi babbar gasa.

To, a ina za ka zauna? Idan da hali, bayan faranti, layi na takwas zuwa na goma sha biyar, ka ɗan karkata gefe kaɗan don kada alƙalin wasa da mai cafewa su tare maka. Daga nan kake ganin karkatar ƙwallo hagu da dama. Za ka gane ka zauna daidai idan ka ga wasu mutane masu hular rana, ba sa tafi ba sa ihu, da kwamfuta ko takarda a cinya, wani da na'urar auna gudu a hannu. Masu farautar 'yan wasa ne na ƙungiyoyi dabam-dabam, suna ba kowane irin jifa maki a ma'aunin 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa. Kada ka dame su ana cikin jifa. Wata rana kuma ka sauya, ka koma gefen tasha ta farko ko ta uku. Daga gefe kake ganin jiki: tsawon takun ƙafa, yadda ƙugu ke juyawa kafin kafaɗa, da inda hannu ke sakin ƙwallo.

Kuma ka zo da wuri. Minti ashirin ko talatin kafin a fara, mai jifan farko yana ɗumama hannu a wani lungu da aka ware a gefen fili, kuma a yawancin ƙananan filaye za ka iya tsayawa 'yan taku daga inda yake. A can za ka ga yana nuna wa mai cafewa abin da zai jefa da motsin safarsa: ya tura ta gaba, mai gudu ce, ya juya ta, mai lanƙwasa ce, ya ja ta baya, mai sanyi ce. Sunayen ire-iren jifa ne, za mu zo kansu a gaba. Karon farko da na tsaya a wurin, abin da ya ba ni mamaki shi ne sautin. Ƙwallon tana huci a iska kafin ta isa, kamar an yaga sabon yadi. Talabijin ba ta kawo maka wannan. Gani ya kori ji.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali. Bayan kowane jifa allon fili yana nuna gudunsa, kuma duk sabon ɗan kallo can idonsa ke tafiya. Ba laifi ba ne, gudu abin kallo ne. Jifan mil 95 a awa, kusan kilomita 153, yana isa faranti cikin kimanin kashi huɗu bisa goma na sakan ɗaya, kuma tilas mai kulki ya yanke shawara tun ƙwallon ba ta yi nisa ba. Jifa mafi gudu da aka auna a babbar gasa shi ne na Aroldis Chapman, mil 105.8, a watan Satumbar 2010. Amma a yau ƙananan filaye cike suke da samarin da ke kai 97 da 98, kuma mafi yawansu ba za su taɓa kwana a babbar gasa ba. Abin da ke raba su shi ne saiti.

Saboda haka ka ɗauke idonka daga allo ka ɗora shi a kan safar mai cafewa. Kafin jifa, mai cafewa yakan matsa ciki ko waje, ya ajiye safarsa inda yake so ƙwallon ta zo. Ka riƙe wurin a ranka. Ƙwallon ta iso, ka duba nawa safar ta motsa. Idan bai wuce faɗin tafin hannu ba, mai jifan ya aika saƙo inda aka ce. Idan mai cafewa ya zauna waje amma ya miƙa hannu ya tsallaka faranti ya cafo ta a ciki, to ko da alƙali ya kira sitiraik, kuskure ne, sa'a ce ta rufa asiri. A littafina ina sa ɗigo idan safa ba ta motsa ba, in ja layi idan ta motsa. Bayan turmi uku shafin yakan gaya mini abin da allon sakamako bai gaya mini ba. Na ga wanda bai bari an ci shi ko ɗaya ba amma shafinsa duk layuka, na ga wanda aka ci huɗu amma shafinsa duk ɗigo-ɗigo. Na biyun nake sa ran sake gani a mataki na gaba. Akwai bambanci tsakanin iya jefa ƙwallo cikin taga da iya jefa ta a kusurwar tagar da ka nufa. Na farko yana kai mutum Double-A. Na biyu ne ke sa shi ya zauna a sama.

Mutanen Ohio suna da misali a kusa. Shane Bieber sai a zagaye na huɗu Cleveland ta ɗauke shi a zaɓen 2016, domin ba mai gudun tsoratarwa ba ne. A kakar 2017, daga Lake County zuwa Lynchburg zuwa Akron, ya jefa sama da turmi 170, mutum 10 kacal ya bai wa tasha kyauta. Akwai masu jifan da ke ba da goma cikin wasa uku. A watan Mayun 2018 ya sa rigar Clippers ɗin nan da ka kalla, a ƙarshen watan ya shiga babbar gasa, a 2020 kuma ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa. Duk wanda ya kalli allon gudu kawai a Akron a 2017 zai wuce shi bai waiwaya ba.

Allon yana da amfaninsa a wani wuri dabam: shi zai koya maka bambanta ire-iren jifa. Ƙwallon tana da ɗinki 108 na jan zare, kuma yadda yatsu suka kama ɗinkin da yadda ta juya a iska shi ke sa ta karkata. Mai gudu tana juyawa baya, shi ya sa ba ta faɗuwa kamar yadda ido ke tsammani, sai mai kulki ya ga kamar ta tashi, ya yi duka a ƙarƙashinta. 'Yar'uwarta mai nutsewa gudunsu kusan ɗaya, amma tana zamewa ƙasa wajen hannun mai jifa, kuma za ka gane ta da yawan dukan da ke gangarawa a ƙasa. Mai zamiya takan yi ƙasa da mai gudu da mil bakwai zuwa goma, ta taho kamar miƙe, sai a bakin faranti ta goce gefe. Mai lanƙwasa tana juyawa gaba, ta fi su sanyi, za ka ga ta ɗan yi tozo sama daga hannu sannan ta zubo. A turmin farko ka rubuta lambobin da allo ya nuna, za ka ga sun taru gungu-gungu, misali wajen 94, wajen 85, wajen 78. Kowane gungu jifa ɗaya ne. Kafin turmi na uku za ka fara kiran sunansa tun allo bai nuna ba, kuma daga ranar da ka fara haka ba za ka ƙara cewa ba abin da ke faruwa ba.

Wadda na fi so ita ce mai sanyi, kuma ita ce ta fi ba samari wuya. Ana cusa ƙwallon can cikin tafin hannu, a wurga da ƙarfin hannu iri ɗaya da na mai gudu, amma ta fito ƙasa da ita da mil takwas ko goma. Duk sirrin yana cikin hannu. Idan mai jifa ya rage saurin hannunsa ko da kaɗan, mai kulki ya gano, kuma jifa mai sanyi da aka gano abincin masu kulki ne. Wani dare a matakin High-A na zauna gefen tasha ta uku ina kallon wani bahago, siriri, bai wuce shekara ashirin da ɗaya ba. Duk sanda zai jefa mai sanyi sai kafaɗarsa ta yi jinkiri, har ni da ke kan kujera ina gani. Sau biyu aka fyaɗa masa ita har bango. Duk da haka ya ci gaba da jefa ta, na ƙirga goma sha shida a turmi huɗu, mutanen da ke bayana suna ta ƙorafi. A turmi na huɗu, da mutum a tasha ta biyu, ya saki wata da hannunsa ya fita da cikakken ƙarfi. Mai kulkin ya kai duka tun ƙwallon tana hanya, ƙafarsa ta gaba ta tafi, gwiwarsa ta baya ta dafa ƙasa, hular kwanonsa ta faɗi. Yaron bai yi murna ba. Ya waiwaya wajen kocinsa, kocin ya gyaɗa kai sau ɗaya. An ci su wasan, amma aikin da aka aiko shi ya yi a daren ya yi shi, kuma ina cikin 'yan kaɗan da suka gani.

Wannan ya kawo mu ga mai kulki, domin shi ne madubin mai jifa. Idan ka rasa gane ko jifa yana da kyau, ka dubi wanda ake jefa wa. Idan ƙwallon da ya taɓa tana tafiya baya kai tsaye ta bugi raga, lokacinsa ya yi daidai, saura ƙiris ya same ta, mai jifa yana cikin haɗari ko da an rubuta masa sitiraik. Idan yana makara ƙwallon tana fita gefe, mai gudun tana da rai. Idan yana barin mai zamiya ta wuce ko motsi bai yi ba, to yana gane ta tun daga hannu, wataƙila mai jifan yana sakinta daga wani wuri dabam da na mai gudu. Gwanaye suna fitar da duk jifansu ta ƙofa ɗaya, su bi hanya ɗaya har rabin tafiya, sannan kowanne ya kama gabansa.

Sai ƙidaya. Bahaushe ya ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma miyar mai jifa tana ƙarewa ne a bol biyu ba sitiraik, ko bol uku sitiraik ɗaya. A nan kowa a filin ya san mai gudu ce za ta zo, mai kulki ya gyara tsayuwa yana jiranta. Ka duba me zai jefa. Wanda ya yarda da mai sanyinsa ko mai zamiyarsa har ya jefa ta cikin taga a wannan hali, ya kusa gama makaranta. Ka kuma duba jifan farko ga kowane mai kulki, domin wanda ke fara wa da sitiraik shi ke riƙe da linzami. Ka duba shi bayan abokin wasansa ya yi kuskuren da ya kamata a ce turmi ya ƙare. Wani zai zagaya tudu, ya ɗauki jakar garin da ake shafawa a hannu, ya ja numfashi, ya dawo ya jefa inda safa take. Wani kuwa sai ya ƙara ƙarfi, allon ya nuna 98, ƙwallon ta wuce kan kowa.

Da zarar mutum ya kai tasha, salon jifan ma yakan canza. Mai jifa yana barin doguwar ɗaga ƙafa ya koma gajeren salo, domin wanda ke tasha ta farko yana iya sheƙawa zuwa ta biyu, kuma akwai lissafi: shi yana buƙatar kusan sakan 1.3 ya kai ƙwallo faranti, mai cafewa kusan sakan 2 ya aika ta tasha ta biyu, ɗan wasa mai sauri sosai kuwa yana isa cikin sakan uku da 'yan kai. Samari da yawa da zarar sun gajarta salo sai saitinsu ya watse. Ga kuma agogo a kansu. An fara gwada agogon jifa a ƙananan filayen nan tun 2015, aka tsananta shi a 2022, sannan babbar gasa ta ɗauka a 2023 da sakan 15 idan ba kowa a tasha, 20 idan da mutum a shekarar, matsakaicin tsawon wasa ya sauka daga awa 3 da minti 4 zuwa awa 2 da minti 40. Haka ma na'urar da ke duba hukuncin alƙali: idan ka ga mai jifa ko mai cafewa ko mai kulki ya dafa hularsa bayan an yi kira, ƙara ya ɗaukaka, allo zai nuna inda ƙwallon ta bi. A Triple-A aka goge tsarin kafin babbar gasa ta amince da shi daga kakar 2026. Mu 'yan ƙananan filaye mukan riga kowa ganin yadda wasan zai kasance gobe.

Idan ka samu mota, kada ka tsaya a Columbus kaɗai, domin kowane mataki da ɗanɗanonsa. Dayton tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, can Dragons take, High-A ta Cincinnati Reds, garin da a 2011 ya kafa tarihin sayar da duk tikiti wasa 815 a jere. A wannan matakin za ka ga ɗanyen ƙarfi, samari daga jami'o'in Amurka da wasu daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da suka sa hannu tun suna shekara 16, jifa ɗaya kamar na gwani, na gaba ya bugi ƙasa. Akron, Double-A, ita ce rariya. A can masu kulki suke daina bin jifan da ya bauɗe, kuma duk wanda ya zo da gudu zalla a can yake tsayawa. Ni a wurina can ne kallo ya fi daɗi. Triple-A kuwa haɗaka ce: matashi mai jiran kira, da mai shekara talatin da ya hau ya sauka sau biyar kuma yana rayuwa da dabara, da tauraron babbar gasa da ya zo gwada hannu bayan jinya, wanda doka ta ba shi har kwana 30. Ka kalli mai shekara talatin ɗin nan da kyau. Gudunsa 90, amma ba ya jefa abu ɗaya sau biyu a wuri ɗaya, kuma za ka koyi tsarin jifa a wurinsa fiye da a wurin kowa.

Alƙaluman da za ka karanta a takarda kuma ka yi musu tambaya. Tun 2019 Triple-A ke amfani da irin ƙwallon babbar gasa, kuma dukan da ke tsallake bango ya ƙaru sosai a shekarar. A filayen yamma masu tudu, irin su Albuquerque da Reno, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, mai lanƙwasa ba ta lanƙwashewa yadda ya kamata. Mai jifan da alƙalumansa suka yi muni a can yana iya fin wanda nasa suka yi kyau a Ohio cikin sanyin Afrilu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Akwai abin da ba na so ka manta kana zaune kana cin gyaɗa. Hannun ɗan Adam ba a halicce shi don wannan aikin ba. A cikin gwiwar hannu akwai wata jijiya da duk jifa mai ƙarfi ke ja, kuma idan ta tsinke sai tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda har yau da sunan ɗan wasan ake kiranta. Jinyarta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai jifa Stephen Strasburg ya ratsa ƙananan ƙungiyoyin Harrisburg da Syracuse a 2010, ya fitar da mutum 14 da sitiraik a wasansa na farko a babbar gasa ranar 8 ga Yuni, kafin shekarar ta ƙare yana kan gadon tiyata. Bieber ma an yi masa a 2024. Idan ka ga mai jifa yana yarfe hannu, gudunsa ya sauka da mil uku ba dalili, koci da mai duba lafiya sun fito tare, ka yi shiru kamar yadda filin zai yi. Na ga haka sau uku da idona, kuma har yau ina tuna yadda ɗayansu ya sa safa ya rufe fuskarsa yana sauka daga tudu. Yaran nan ba masu kuɗi ba ne. Sai a 2022 suka shiga ƙungiyar ƙwadago, yarjejeniyar 2023 ce ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Triple-A daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, na Single-A daga 11,000 zuwa 26,200. Shi ya sa ba na yi wa ɗan koyo ihu idan ya bauɗe.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka yi La'asar kafin ka fito. Wasan dare yakan fara wajen ƙarfe bakwai, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Columbus sai wajen tara, don haka Magariba takan same ka a turmi na bakwai ko na takwas. Ni nakan nemi lungu mai tsabta a bayan kujeru, kuma ba a taɓa hana ni ba. Tsiran da ake sawa cikin burodi ka tambaya kafin ka saya, da yawa akwai naman alade a ciki. Gyaɗa da gugguru sun ishe ka. Idan kujerarka ta wuce inda raga ta tsaya, kada ka sunkuyar da kai kan waya ana cikin jifa, ƙwallon da ta goce daga kulki ba ta sallama.

Tun 2021 ƙungiyoyi biyu suna haɗuwa ne wasa shida a jere, Talata zuwa Lahadi, a huta Litinin, kuma sau da yawa wanda ya fara jifa ranar Talata shi ke dawowa ranar Lahadi. Ka sayi tikitin ranakun biyu. Ranar Talata ka rubuta gungun gudunsa da ɗigo da layi, ka kuma lura da abin da ya faru sa'ad da masu kulki suka zo gabansa karo na biyu da na uku. Ranar Lahadi mutanen nan sun riga sun ga duk abin da yake da shi, shi ma ya gan su, sai ka duba wa ya canza. Ka zo da fensir maimakon biro, domin a makonnin farko za ka riƙa rubuta mai zamiya a inda mai sanyi ce, kana gogewa.